Farautar da Kofur Ya Buɗe

Da yammacin da abin ya fara, matar Kofur tana tsakar gida tana kwashe shanya. Rana ta riga ta faɗa bayan ginin maƙwabta, hasken da ya rage ya yi ja a jikin bango, unguwa ta yi shirun nan da take yi gab da magariba, lokacin da yara suka gaji da ihu, manya kuma ba su gama dawowa ba. Auta na zaune a baranda da littafin makaranta a cinya. Kofur kuwa yana kan kujerarsa ta roba yana goge begilarsa da tsumma, aikin da ba ya fashinsa ko da ranar ba a busa ta ba.

Dutse ya faɗo a kan kwano. Ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin indararo.

"'Ya'yan mutane dai ba su da aikin yi," in ji matar, ko kai ba ta ɗaga ba.

Wani ya sake faɗowa ta gefen kicin. Wani kuma ta bayan gida, inda babu hanya, babu fili, sai doguwar katangar wani ɗakin ajiyar kaya wadda ko kyanwa ba ta iya hawa. Nan ta tsaya da zanin gado a hannu. Daga can nesa, ta wajen da ba za ta iya nunawa da yatsa ba, ta jiyo muryoyi suna tasowa tare suna sauka tare, irin muryar da ake kora dabba da ita. Sai kurciyoyi suka fara zubowa cikin gidan. Ba saukar neman tsaba suka yi ba. Faɗowa suke yi, su ja jiki har gaban kujerar Kofur, su lafe da baki a buɗe suna haki. Ya buga ƙafa a ƙasa, ko ɗaya ba ta tashi ba.

"Baba, kai suke kallo," in ji Auta.

Da aka kira salla komai ya ɗauke. Tsuntsayen suka tashi ɗaya bayan ɗaya, aka bar su da duwatsu a kan rufi da abincin da babu wanda ya ci da kirki.

Shi dai Kofur da muƙamin saja ya bar aikin soja, amma sunan ya riga ya bi shi tun yana saurayi, har matarsa ma da shi take kiransa idan tana son ta ba shi haushi, wato kusan kullum. Bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Aikinsa a bariki busa begila ne: ya tashi mutane da asuba, ya tara su, ya sallame su, ya kwantar da su. Da ya yi ritaya sai wata makaranta ta ɗauke shi yana koya wa yara busa. 'Ya'yansa manya duk sun watse neman na kansu, saura Auta, wadda ta zo musu bayan sun cire rai. Yarinyar 'yar babanta ce ta gasken gaske. Ta kai shekarun da 'yan mata ke jin kunyar iyayensu maza, amma ita har yanzu a jikin kujerarsa take jingina, ita ke kai masa ruwa, ita ke dariyar labaransa na bariki da uwar ta haddace tun kafin a haife ta.

Auta ce ta nace a je wani gandun daji a hutun makaranta, kwanaki kaɗan kafin wannan yammacin. Uwar ba ta so ba, don ita a ganinta wanda ya ga itace ɗaya ya ga duka, amma biyu sun rinjayi ɗaya. Da suka shiga kuwa sai da bakinta ya mutu. Itatuwa ne dogaye waɗanda mutum ba ya ganin ƙarshensu sai ya riƙe ɗankwali, ƙasa a lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye mai sanyi, iskar wurin tana da nauyi kamar ta ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ko'ina alluna ne na hana farauta da hana kunna wuta. Barewa ta tsaya a tsakiyar hanya ta dube su, ba ta ko damu ba, ta wuce abinta.

Mai yi musu jagora, wani siriri mai koɗaɗɗiyar hula, ya kai su wani tsohon gini na dutse a ƙarshen wani kwari. Ya ce a da duk dajin na wani basarake ne, shi kaɗai ke farauta a ciki, talaka ko zomo ya kama sai ya yi bayani. Kuma shi basaraken ba ya bin dabba. Zama yake yi a kan wani dandamali, ya nuna musu shi, sai a busa ƙaho, masu kora su kewaye daji tun daga nesa da sanduna da duwatsu da ihu, su taso duk abin da ke numfashi su turo shi cikin kwarin har gabansa, shi kuma ya zaɓi wanda ya ga dama.

Ƙahon yana nan rataye da sarƙa a jikin bango, ya yi baƙi don tsufa. Mai jagora ya ce duk baƙon da ya zo sai ya gwada, abin da ke fita kuwa ba a maimaita shi a gaban surukai. Ya yi fito da baki, gajeren kiɗa mai hawa, ya ce haka kakansa ya ce kiran yake. Auta ta gwada, aka yi dariya. Sai ta miƙa wa uban.

"Kofur, ka bar wa mutane kayansu," in ji matar.

Ya goge bakin ƙahon da hannun riga, ya daidaita leɓe, ya busa. Sautin ya fita cikakke, ya bi kwarin ya tafi, ya daɗe bai mutu ba. Da ya mutu kuwa sai ya tafi da komai. Tsuntsaye suka yi shiru, ƙwari suka yi shiru, ganye ko ɗaya bai motsa ba. Mai jagora ya karɓi ƙahon yana dariya, amma matar ta lura sai da ya yi ta lalube kafin ya iya mayar da shi kan ƙusa. A hanyar gida Kofur sai washe baki yake yi, Auta na zuga shi. Abin da ya fi ci wa matar rai daga baya shi ne, a duk mutanen da suka taɓa riƙe wannan ƙaho babu wanda ya kai mijinta sanin cewa busar da ta tara mutane tana da 'yar'uwarta mai sallamarsu. Rayuwarsa duka a kan wannan ya yi ta. Amma ranar daɗin yabo ya hana shi tambaya.

Washegarin kurciyoyi, kyanwoyi ne suka zo, da ɓeraye a tsakaninsu, babu mai kallon wani. Bayan su karnukan unguwa. Kullum da faɗuwar rana sai duwatsu, sai muryoyin, sai wata halitta ta shigo tana rawar jiki ta kwanta a gaban Kofur. Rannan wani bijimi ya tsinke daga hannun mahauta, ya ratsa titi ya zo ya durƙusa a ƙofar gidan, kumfa na zuba daga bakinsa. Maƙwabta suka fara gaishe su daga nesa. Matar da ke aiko yara aron tsintsiya ta sayi tata.

Sai wata rana babu abin da ya shigo. Rana ta faɗi, rufi shiru. Matar ta fara sakin ajiyar zuciya ke nan sai dutse ya faɗo a cikin baranda, dab da diddigen Auta.

Yarinyar ta miƙe zumbur. Wani ya faɗo a hagunta, ta yi dama. Wani ya tare ta a dama, ta juya. Kafin uwar ta saki abin da ke hannunta Auta ta fara gudu, tana kewaya tsakar gida, ta bayan tankin ruwa, ta ƙarƙashin igiyar shanya, duwatsu na sauka a bayan ƙafarta, ba sa taɓa ta, ba sa kuma barin ta ta tsaya. Uwar ta tare ta, yarinyar ta bangaje ta kamar ba ta san ta ba. Har sai da duhu ya fara shiga sannan aka turo ta gaban kujerar uban. Ta zube a kan gwiwoyi, ta miƙa wuya, idanunta a waje, ana ganin bugun zuciyarta ta cikin riga.

"Auta," in ji Kofur. "Ni ne. Babanki ne."

Jira take yi.

Haka aka shiga yi kowace yamma, kuma kullum gudun na ƙara tsawo. Tafin ƙafarta ya fashe, uwar ta naɗe da bandeji, washegari ya jiƙe. Ta daina cin abinci sai ruwa. A asibiti aka auna ta ciki da waje, likita ya ce ba ta da ciwon komai sai gajiya, amma zuciyar yarinya ba inji ba ce, in aka ci gaba da wahalar da ita haka wata rana za ta tsaya. Suka kulle ta a ɗaki, ta yi ta karo da bango har goshinta ya kumbura. Kofur ya ce to bari ya riƙa barin gidan kafin magariba, tunda wurinsa ake kawo ta. Ranar ta haura ƙofar gida, ta bi tsakiyar titi cikin motoci ba takalmi, ta same shi har filin makarantar da ya je ya ɓuya. Da ya dawo da ita a kafaɗa, matar ta dube shi, ta so ta faɗa masa maganar da ta daɗe tana ci mata ƙirji, sai ta ga fuskarsa ta fasa. Tsoro ne ya cika ta, na cewa 'yarta za ta mutu a guje a gabanta tana kallo.

Yayan matar ne ya kawo wani malami. Mutum ne marar hayaniya, da tabarau a aljihun gaba, ya zo tun la'asar ya zauna a kan tabarma ya yi ta tambaya kamar mai neman aure. Ina suka je, wa suka gani, me suka ɗauko.

"Ko ganye ba mu tsinka ba, malam," in ji matar.

"To me kuka yi a can?"

Ta dubi mijinta. Kofur ya sunkuyar da kai ya faɗi komai. Malamin bai yi masa faɗa ba, ya dai ce a kawo ruwa ya yi alwala, a kuma zaunar da yarinyar kusa da uwarta.

Inuwa ta cinye tsakar gida. Da dutsen farko ya faɗo, malamin ya riga ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Auta ta zabura za ta tashi, uwar ta rungume ta ta baya, tana jin ƙasusuwanta kamar na ɗan tsako. Duwatsu suka yi ta sauka kewaye da tabarmar, ba su shigo ba. Muryoyin suka matso har kamar a bayan katanga suke. Can sai jikin yarinyar ya saki, kanta ya ɗago, ta juya wajen uban. Muryar da ta fito ta wani tsoho ce, a gajiye, mai ladabi, kuma ladabin ne ya fi tayar wa matar da tsigar jiki.

"Ranka ya daɗe, me ya sa ba ka ɗauka?"

Malamin ya ce, "Da ni za ka yi. Wane ne kai?"

"Mai kora ne."

"Wa ya aiko ka gidan nan?"

"Shi ya kira. Mutanen da kuke ji ana cewa suna kora, mu ne a bayansu. An sallame mu tun tuni mun kwanta. Ya tashe mu." Idanun yarinyar ba su bar fuskar uban ba. "Na kawo tsuntsu, ya raina. Na kawo na ƙasa, ya raina. Na kawo bijimi, ko kallo bai yi ba. Sai na duba abin da idonsa ke bi a gidan nan, na kawo masa."

"Wannan mutum ce, ba naman daji ba. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Ni ma na gaji, malam. Amma ba a komawa hannu wofi. Ya ɗauki abin da na kawo."

"Ba zai ɗauka ba."

"To ya zubar da jini, ko na kaza ne, in kai wa sauran shaida."

Matar ta buɗe baki. A wannan lokacin da za a ce ta yanka duk kajin duniya, da ta nemi wuƙa. Malamin ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba.

"Ko na sauro ba za a zubar maka ba. Ba a yanka don kowa sai Allah."

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Yarinyar ta sandare, ta yi wata ƙara da ta sa karnukan unguwa suka ɗauka. Uwar na jin zuciyar 'yarta na dukan hannunta, tana tsalle tana ɓata lissafi.

"Ƙona ni," in ji muryar, da ƙyar. "Akwai wasu a bayana. In na faɗi wani zai shigo. Ita ce ba za ta kai ba."

Malamin ya tsaya. Ya daɗe yana duban yarinyar, sannan ya ce, "In maigidanku bai ga abin da yake so ba, yaya ake tashi daga farauta?"



"Sai ya busa sallama."

"Yaya take?" Kofur ne ya tambaya, karo na farko da ya yi magana tun da muryar ta fito.

"Ba kiɗa ba ce, ranka ya daɗe. Busa ɗaya ce, doguwa. Ba a yanke ta sai na ƙarshenmu ya wuce. In ta yanke a tsakiya, sabon kira ne."

"Ƙahon yana can daji."

"Bakin muka sani, ba ƙahon ba."

"Ku nawa ne?" in ji malamin.

Leɓen yarinyar ya motsa kamar za a yi murmushi. "Dajin da girma."

Kofur ya shiga ɗaki ya fito da begilar. Ya tsaya a tsakiyar gida, ya ware ƙafafu kamar yadda aka koya masa yana kurtu, tsoho mai furfura da silifas. Akwai dabarar da masu busa ke yi, su cika kumatu da iska su riƙa turawa, suna jan wata ta hanci, don kada sauti ya yanke. Ya iya ta a da. Matar ta san rabonsa da ita tun haƙoransa na gaba suna nasa. Ya yi bisimilla, ya kafa bakinsa.

Sautin ya tashi, siriri, miƙaƙƙe. Malamin ya ci gaba da karatu a ƙarƙashinsa. Duwatsu suka tsaya. Sai matar ta ga ƙurar tsakar gida tana ɗan tashi wuri-wuri, kamar ana taka ta, daga bayan gida zuwa ƙofa. Igiyar shanya ta riƙa lanƙwasa tana miƙewa, ana sunkuyawa ana wucewa ta ƙarƙashinta. Wani sanyi mai warin ruɓaɓɓen ganye ya ratsa su. Suna ta wucewa, ba sa ƙarewa.

Jijiyoyin wuyan Kofur suka fito. Fuskarsa ta yi duhu, hawaye na bin kumatunsa, begilar ta fara karkarwa a hannunsa. Sautin ya yi rawa, ya sirance har ta ce ya tafi, ya sake kamawa. Ta ga gwiwoyinsa suna lanƙwashewa, ya fara yin baya. In ya faɗi, busar ta yanke. Ta dubi 'yar da ke hannunta, wadda ba ta sake ta ba tun faɗuwar rana. Ta kwantar da ita a kan tabarma, ta tashi ta je bayan mijinta, ta kafa kafaɗarta a tsakanin kafaɗunsa, ta riƙe masa gwiwar hannu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tana jin yadda kowane jan numfashi ke fita da guntun ransa.

"Riƙe, Kofur," ta ce a kunnensa. "Riƙe mini ita."

Ba ta san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Ƙurar ta rage tashi. Igiyar ta lanƙwasa sau ɗaya, ta tsaya. Daga kan tabarma muryar ta ce, can ƙasa, "Ni ne na ƙarshe. A huta gajiya, ranka ya daɗe." Ƙofar gida ta ɗan motsa a kan ƙarfenta. Malamin ya jira, ya ƙara jira, sannan ya ce, "Ya isa." Begilar ta faɗi a kan siminti, su biyun suka zube tare.

Auta ta buɗe ido ta ce, "Umma," da muryarta ta gaskiya. Uwar ta rarrafa ta rungume ta tana kuka tana hamdala. Kofur ma ya jawo jiki, ko numfashi bai gama mayarwa ba, ya miƙa hannu zai shafa kanta. Yarinyar ta ƙanƙame uwar, ta ɓoye fuska a bayanta. Hannun nasa ya tsaya a iska, ya mayar da shi.

Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Ƙafafunta suka warke, ta koma makaranta, ta koma cin abinci da dariya da ƙawayenta. Amma in ta ji takun uban a baranda sai ta bar wurin. Uwar ta tambaye ta a ɗaki, ta ce, "Na san Baba ne, Umma. Ina ganinsa, ina jin duk abin da yake faɗa. Amma kullum aka kai ni gabansa, jira nake yi ya gama da ni." Da aka koma wa malamin, ya ce wannan ba na aljani ba ne, babu abin da zai karanta a kai, sai haƙuri.

Kofur ya koyi zama. Da yamma sai ya ja kujerarsa can ƙarshen tsakar gida, ya ɗora hannuwansa a buɗe a kan gwiwa, ya sa ido a ƙasa, ba ya motsi, ba ya kiran kowa. Matar, wadda ta yi shekara da shekaru tana yi masa tsiyar yawan surutu, yanzu ita ke fita bayan kicin ta share ido. Rannan tana kwashe shanya sai ta ga Auta ta fito da kofin ruwa. Ta tsaya a bakin baranda ta daɗe. Ta sauko, ta yi 'yan taku, ta ajiye kofin a ƙasa inda hannunsa ba zai kai gare ta ba, ta koma da baya da sauri.

"Na gode, Auta," in ji shi a hankali, bai ɗago ba.

Sai da ta shige ɗaki sannan ya dubi matarsa, ya nuna mata kofin da haɓa.

"Jiya a kan matakalar baranda ta ajiye," ya ce. "Kin ga inda ta kawo shi yau."